Ranar da Na Yi wa Kifi Taki

Ni mutum ne mai tsari, kowa a Tsanyawa ya sani. Ƙanena ya kawo mini kifin ado daga Kano a akwatin gilashi, da ciyayi a cikin ruwan, da ƙaramar tukunyar gas. Ya ce iskar takin ciyayin ce, a riƙa sakinta kaɗan-kaɗan.

Na ce, "Manomi za ka koya wa sa taki?"

Na tara maƙwabta a zaure. Da farko na ɗaura tiyo, sannan na yi bisimilla, sannan na murɗe kan tukunyar har ƙarshe, don ban taɓa yi wa shuka rowa ba. Ruwa ya kama ɓulɓula. Kifayen suka taso sama suna buɗe baki.

Na ce, "Kun gani? Godiya suke yi."

Malam Sule, maƙwabcin gonata, ya leƙa. "Alhaji, wannan mai godiyar ya juya ciki sama."

Da ludayin fura muka kwashe su zuwa bokiti. Duk sun farfaɗo, ban da babban.

Har yau, duk damina in na kinkimo buhun taki, sai Malam Sule ya dakata da noma ya ce, "Alhaji, a tausaya wa geron nan, kada ya yi godiya."