Ranar da jirgi ya nufo kanmu

Direban tasi ne ni a unguwar Kudai, kullum ina hanyar filin jirgi. Da muka je Jidda kallon gasar jirage da matata Habiba da yayanta Usman, na ce, "Kada ku tsorata, ni na san jirgi."

Sai wani jirgi ya yi sama, ƙararsa ta ɗauke, ya juyo ƙasa yana wulwulawa da hayaƙi. Kanmu ya nufo. Na zube ina salati, na riƙe ƙafar Usman.

"Yaya, ka yafe mini! Ni na buge maka mota ranar Idi!"

Jirgin ya miƙe abinsa, jama'a suka hau tafi. Usman bai tafa ba.

Har yau, ko tattabara ce ta gitta, sai ya dube ni ya ce, "Akwai saura?"