Baƙin da Suka Sauka a Gonar Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara zuwa gaida mahaifin Bilki a Gammo ba. Ko na so mantawa, mutanen garin ba su da niyyar bari na.

Bari in fara da ciwona. Kawuna yana da shagon hayar kaset a Gwarzo, a nan na kamu da son tsofaffin finafinan sararin samaniya, irin waɗanda jirgi mai kama da faifai zai sauko, gari ya watse, mutum ɗaya tak ya tsaya ya fahimci baƙin. Wallahi har gobe ina son su. Wani lokacin har zaren da ke riƙe da jirgin kana hangowa, amma sai sun sa ka ɗaga kai ka ce Allah mai iko. Matsalar ita ce, kullum ni nake ɗaukar kaina a matsayin mutum ɗayan nan.

Bilki ta ja mini kunne: "Baba malami ne, ba ya son surutu. Ka gaishe shi ka kama bakinka. Daga wannan zuwan zai ce ka turo ko kar ka turo."

Na ci babbar riga, na hau babur. Da na isa aka ce Malam yana gona. Na tarar da shi da wasu dattawa sun yi cirko-cirko, kowa fuska a murtuke. Na durƙusa na kwashi gaisuwa, ya damina, ya iyali, ya ɗalibai. Ya amsa a taƙaice. Da a nan na tsaya, da yau ina da mutunci.

Sai idona ya faɗa kan abin da suke kallo. A gefen geron Malam wani fili ya zagaye cif kamar an kifa kwano, ko ganye ɗaya babu a tsaye. A tsakiyarsa kuma ga ɗan rami. Shekara da shekaru ina jiran wannan ranar!

"Malam, a gafarce ni," na ji bakina yana cewa, "kada kowa ya taka wurin nan."

Na tattare riga na shiga. Na yi musu bayanin cewa irin wannan shatar jirgin wasu halittu ne ke barin ta, ramin kuma nan ƙafarsa ta dafa. Na hango wasu baƙaƙen dunƙule-dunƙule, na sa hankici na ɗauki ɗaya, na shinshina, na ce da alama ragowar man jirgin ne. (Ni fa haifaffen Gwarzo ne, jama'a. Amma in rai ya so abu, hanci ma sai ya yi maka ƙarya.)

Wani dogo, wanda daga baya na ji sunansa Tanko, maƙwabcin gonar, ya daka tsalle. "Alhamdu lillahi! Kun ji ko? Ɗan boko ya faɗa! Tun safe nake cewa ba jakina ba ne!"

Ashe shari'a na tarar. Tanko ne ya kafa turke a bakin iyaka, ya ɗaure jakinsa da doguwar igiya, jaki ya zagaya ya cinye iya inda igiyar ta kai, ramin nan kuwa gurbin turken ne. Saura ƙiris dattawa su sa shi ya amsa laifinsa, sai ga ni, mai neman 'yar mai gona, na zo na tsaya wa jaki.

Malam ya dube ni, ya dubi hankicin.

"Yaro, baƙin nan naka daga wace duniyar suke?"

"Allah masani, Malam."

"To, sun san gero mai kyau."

A daidai nan jakin Tanko ya kece da kuka daga bayan shinge. Wani tsoho ya zauna dirshan yana riƙe ciki don dariya. Ni kuwa kunya ta hana ni ko yar da kashin jakin da ke hannuna, da shi na yi sallama, da shi na hau babur.

Na koma Gwarzo na fitar da rai. Ana nan sai ga kiran Bilki, dariya ta hana ta magana. Da ƙyar ta ce, "Baba ya ce ka turo. Wai mutumin da ya kyautata wa jaki zato ba zai wulaƙanta 'yarsa ba."

Yanzu 'ya'yanmu uku, sunana a Gammo kuwa Ɗan Sama Jannati. Duk ranar da na je gaisuwa jaki ya yi kuka, Malam ko kai ba ya ɗagowa daga littafi, sai ya ce, "Tashi, baƙinka sun iso."

Ban daina kallon finafinaina ba. Sai dai in na ga abin al'ajabi yanzu, kafin in duba sama, nakan fara tambayar wa ke da jaki a unguwar.