Benen da Na Ba Kakana

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da na kai surukina Balad, tsohuwar unguwar Jidda. A lokacin bai zama surukin ba tukuna, 'yarsa Nafisa nake nema, kuma maganar ta kusa kankama.

A Jidda aka haife ni, a unguwar Bani Malik na tashi. Kakana Mamman aikin hajji ya kawo shi daga Katsina, bai koma ba. Rabin rayuwarsa a wani tsohon bene na Balad ya yi ta, kuma na san sarai abin da yake yi a can: ɗan garuwa ne, shi ke kai ruwa hawa huɗu kullum. Da muna yara ba mai son a danganta shi da gidajen nan, duk sun tsattsage, sai maguna ke kwana ciki. Amma da aka gyara su, aka fara sayar da tikiti, baƙi suka yi ta tururuwa, ƙasan benaye ya cika da masu gahawa da masu turare, sai kowa ya tuna yana da kaka a Balad. Ni ma na tuna.

Ran da na fara zuwa gaida Baba Idrisa, mahaifin Nafisa, a unguwar Kurayyat (Bahaushen Sudan ne, ɗan kasuwa, mai ƙarancin magana, abin da ya sa ni na yi ta zuba ke nan) sai na ji bakina ya ce, "Ai muna da gida a Balad, na kakana ne."

Bayan sati biyu ya kira ni. "Ɗana, ƙanena ya zo daga Sudan. Ran Asabar ka kai mu mu ga gidan kakan naka."

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa na sa aka goge mini farar riga, na fesa turare, na wuce gaba. A ƙofar benen da kakana ya yi garuwa na sayi tikiti uku a ɓoye. Na shiga nuna musu tagogin katako, ina cewa nan kakana ke zama ya sha iska (Allah ya yafe mini, ban jin ya taɓa samun damar zama a gidan).

Muna hawa na biyu muka ci karo da Ammu Sale, wani tsohon Balarabe da ya girma a gidan, yanzu shi ke zagayawa da baƙi. Yana tare da Turawa kamar goma. Baba Idrisa ya gaishe shi da Larabci, ya nuna ni, ya ce, "Ga jikan mai gidan."

Tsohon ya ƙura mini ido. "Wane ne kakanka, ya waladi?"

Na faɗi sunan ƙasa-ƙasa.

"Mamman? Mamman saƙƙa mai kawo mana ruwa? Masha Allah!" Ya rungume ni har da hawaye. "Wallahi mutumin kirki ne, da ina yaro a kafaɗarsa nake hawa benen nan. Yalla, zo ka ga kayan aikinsa!"

Ya ja hannuna zuwa ƙarƙashin matakala, kowa ya biyo mu. Ga wata sanda da ta yi santsi don sha hannu, da garwa biyu rataye. Ya ce duk gidan ba abin da baƙi suka fi ɗauka a hoto kamar ta, har cika garewanin ake da ruwa don mai son gwadawa. Kafin in buɗe baki ya ɗora mini ita a kafaɗa, ya sanar wa Turawa cewa ga jikan mai ita da kansa. Wayoyi suka tashi sama.

Na yunƙura. Matakala uku na hau gwiwata ta ce halas, iyakarta ke nan. Garwar gaba ta bugi bango, ta baya ta juye mini, na zauna daɓas cikin ruwa da farar rigata. Turawa suka tafa, sun ɗauka cikin shirin ne. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Muka shiga mota, muka kama hanya har muka kusa Kurayyat. Sannan Baba Idrisa ya ce, "Ubana dakon kayan alhazai ya yi a tashar jirgin ruwa, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. Kai kuwa, gidan ba na kakanka ba ne, ƙarfinsa ma ba ka gada ba. To me ka gada?"

Na ce, "Baba, na yi kuskure."

"Shi dai kakan naka na yarda da shi. Kai kuma zan duba."

Wata biyar ya yi yana dubawa kafin ya ba ni Nafisa, kuma ya faɗa mini ƙiri-ƙiri albarkacin ɗan garuwa na ci. Tun daga nan na koyi darasi: in za ka yi wa kakanka ƙarin girma, ka fara tabbatar kana iya ɗaukar wanda ya bari.