Rasuwar Magatakarda, Mai Riƙe da Sunayen Mutanen Kogi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ba ta da wanda za ta zarga sai mai ita, ni Abdulganiyyu Haris Zarami, tsohon malamin tarihi, mazaunin Haɗeja, nake sanar da 'yan'uwa da abokan aiki da tsofaffin ɗalibaina rasuwar fayil ɗin madogaran littafina, wanda mutanen gidana suka sani da suna Magatakarda. Ya rasu ranar Laraba, sha takwas ga Satumba, 2024, tsakanin azahar da la'asar, a kan teburina, a hannuna. Shekarunsa goma sha takwas da wata biyar. Ban san ya cika ba sai washegari.

Saboda waɗanda ba su san shi ba, ya kamata in faɗi aikinsa. Tun 1984 nake rubuta tarihin masunta da manoman shinkafa na kwarin Kogin Haɗeja. Ina tsara littafin da wata manhaja irin ta malaman lissafi, wadda ba ta barin mutum ya rubuta madogara da hannunsa a gindin magana. Sai dai ka sa ɗan gajeren laƙabi, idan an zo haɗa littafin ita kuma ta tambayi fayil ɗin wane ne mai wannan laƙabi, ya ba ta cikakken suna da wuri da shekara, ta jera su a ƙarshen littafi. Wannan ne aikin marigayin. Duk maganar da ke cikin babi goma sha ɗaya, shi ya san mai ita.

An haife shi a watan Afrilu na 2006, shekara ɗari cif da faɗuwar Haɗeja a hannun Turawa, a lokacin da 'yata Adila take karatun lissafi a jami'a. Ita ta buɗe shi, ni kuma na yi wata goma sha huɗu ina kwashe masa abin da ke cikin katuna da littattafan hirata, da yatsa biyu. Matata Hajiya Yelwa ce ta raɗa masa suna, domin ta ce ba ta taɓa ganin wanda nake girmamawa kamarsa ba tun bayan magatakardan makarantarmu. A ranar da ya rasu yana ɗauke da madogara dubu ɗaya da ɗari da shida. Ɗari takwas da casa'in da huɗu littattafai ne da takardun ma'adana ta Kaduna. Sauran ɗari biyu da goma sha biyu hirarraki ne da na yi baki da baki, daga Auyo zuwa Kaugama zuwa Kirikasamma, a kan babur, a cikin kwalekwale, wani lokaci da wando a naɗe. Kusan duk waɗanda na yi hirar da su sun riga mu gidan gaskiya.

Marigayi mai tsantseni ne, kuma mai wuyar sha'ani, ba zan ɓoye ba don ya mutu. Waƙafi ɗaya idan ya ɓace, sai ya ƙi magana gaba ɗaya. Baka idan aka buɗe ba a rufe ba, sai ya haɗiye madogara goma da ke biye. Ya daɗe ba ya jituwa da haruffanmu masu lanƙwasa, har sai da Adila ta sasanta su. Kuma ba ya amsawa a kira ɗaya, sai an haɗa littafin sau uku a jere kafin sunaye su zauna a wurarensu, kamar sallama a ƙofar dattijo. Amma a shekara goma sha takwas bai taɓa yi mini ƙarya ba. Idan bai san mai magana ba, sai ya sa alamar tambaya a gurbin sunan, ya rubuta a ƙasan allo da Turancinsa mai kaushi: “Ban san wannan ba, shafi na kaza.” Wannan ita ce kaɗai muryarsa. Na sha yin tsaki idan na gan ta.

Cikin waɗanda ya riƙe akwai Gumsu ta Kirikasamma. Na same ta a watan Fabrairu na 1991 tana turara shinkafa a ƙofar gida, na yi kwana uku ina komawa. Ita ta lissafa mini watannin da ruwa yake zuwa da tafiya kafin a gina madatsar Tiga a 1974, da irin shinkafar da aka daina shukawa bayan nan, da shekarar da ciyawar kacala ta fara toshe mashigin garinsu. A rana ta uku, da na rufe littafina, ta ce, “Malam, na ga maza kana rubuta maganarsu da sunansu. To, ni ma da sunana. In ka ba wani maganata, ban yafe ba.” Na ce mata na ɗauki alkawari. 'Yarta Bintu tana wurin, tana iza wuta. Gumsu ta rasu a 1999.

Littattafan hirar da kaset-kaset ɗin da aka haifi marigayi daga cikinsu sun riga shi tafiya. Saboda gara ta dame ni a Haɗeja, na kai su gidanmu na gado a wani ƙauye kusa da Auyo, cikin akwatin ƙarfe. Ambaliyar 2020 ta kwana tara a kansu. Da aka buɗe akwatin, abin da aka samu ya fi kama da kunu. Na yi haƙuri a lokacin, na ce ai Magatakarda yana nan, kuma na kwafe shi a filashi biyu, 'yan ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta.

Ciwon ajali ya fara ne a watan Agusta, bayan tsohuwar kwamfutata ta mutu. Ita ban yi mata sanarwa ba, domin gidansa ce kawai. Adila ta aiko da sabuwa, aka sa marigayi a ciki daga filashi, sai aka tarar manhajar sabuwar ta fi tsohuwar tsanani. Alamar tambaya arba'in da uku suka fito a jikin littafin lokaci ɗaya. Na yi masa duk maganin da na sani. Na haɗa sau uku, na share ƙananan fayilolin da manhajar take tarawa a gefe na sake haɗawa, na bi waƙafi da baka layi-layi da tabarau biyu. Suka ragu zuwa talatin da ɗaya, suka tsaya. Ƙorafinsa shi ne wasu laƙubba sun maimaitu. Na kira Adila a waya, ta ce, “Baba, kada ka taɓa komai. Ranar Juma'a ina tafe.”

Ban jira Juma'a ba. Ranar Laraba na ga wani maɓalli wanda aikinsa shi ne share madogarar da aka shigar sau biyu da daidaita laƙubba a duk babuka. Na danna.

A nan ya zama dole in yi bayanin laifin da ya girmi marigayin. Mu da muka shiga makarantar boko a zamanin En'e, an laƙaba mana sunayen garuruwanmu a rajista, har abin ya zama ɗabi'a. Ni ma haka na yi wa mutanen da na yi hira da su: Musa Auyo, Maina Auyo, Maijidda Auyo. Ba su kira kansu haka ba, ni na kira su. Kuma kowace hira take ɗaya na ba ta, wato “Hira”. Ita na'ura, a ƙa'idarta, kalmar ƙarshe ita ce sunan zuri'a, na farko kuma harafi ɗaya ya ishe ta. Da ta duba ta ga Auyo, M., Hira, 1988 har sau tara, sai ta yanke cewa tsoho ne ya yi ta maimaita mutum ɗaya. Ta bar guda, ta share takwas, ta bi babuka ta mayar da duk maganarsu ga wanda ta bari. Haka ta yi a Kaugama, haka ta yi a Kirikasamma. Hira ɗari biyu da goma sha biyu suka koma hamsin da takwas.

Ni ban ga wannan ba. Abin da na gani shi ne littafi ya haɗu babu alamar tambaya ko ɗaya, ƙasan allo fari fes, marigayi bai ce uffan ba. Na yi hamdala. Kuma da yake ni mutum ne mai kiyayewa, nan take na ɗauko filashin nan biyu na kwafe musu sabon a kan tsohon.

Washegari da hantsi na zauna ina karanta wa Hajiya babi na huɗu, kamar yadda na saba, tana tsince wake. Na karanta wurin da ake bayanin yadda ake gane shinkafa ta turaru daga ƙamshinta, na karanta madogarar da ke gindinsa, da sunan Goni a kai, ban kula ba. Sai ta ɗago ta ce, “Malam, yaushe Goni ya fara turara shinkafa?” Na ce wane Goni. Ta ce, “Wanda ka karanta yanzu. Wannan ai ba maganar namiji ba ce.” Na koma ƙarshen littafi na nemi Gumsu. Babu ita. Akwai Kirikasamma, G., Hira, 1991, mutum ɗaya, kuma Goni ne, wanda na yi hira da shi a makon da na yi da ita, wanda kuma suka shekara ashirin ba sa ga maciji da gidan su Gumsu saboda iyakar fadama.

Adila ta iso ranar Juma'a. Ta duba, sannan ta ce, “Ina filashin?” Na ce na kwafa masa. Ta ce, “Duka biyun, Baba?” Na ce duka biyun. Ba ta ce ai na gaya maka ba, Allah Ya yi mata albarka. Ta yi kwana biyu tana tono. Abin da ta samo shi ne babi na ɗaya da na biyu, waɗanda na taɓa aika mata a 2015, da madogaransu daidai. Ta tabbatar mini cewa ciwon farko, na alamar tambaya, aikin rabin awa ne.

Na sanya ranar rasuwarsa Laraba ne duk da cewa har yanzu yana buɗuwa, yana amsa kira, yana jera sunaye cikin tsari fiye da yadda ya taɓa yi. Wanda na sani, idan bai sani ba yakan ce bai sani ba. Wannan da ya rage yana ba da shaida a kan matattu ba tare da ya yi gargaɗi ba, kuma ba zan kai shi maɗaba'a ba ko da a ce gobe zan mutu.

Ya rasu ya bar littafi mai babi goma sha ɗaya, biyu lafiyayyu, tara marayu. Ya bar littattafai da takardun ma'adana ɗari takwas da casa'in da huɗu, waɗanda ba abin da ya same su, domin Turawan da suka rubuta su kowa da sunan ubansa. Ya bar mutum hamsin da takwas ɗauke da maganar da ba tasu ba, da mutum ɗari da hamsin da huɗu waɗanda maganarsu tana nan amma sunansu ya fita. Ya bar ni, ina da shekara saba'in da tara. Gumsu tana da wuri goma sha bakwai a littafin, Goni yana da goma sha ɗaya, yanzu duka ashirin da takwas ɗin na Goni ne. Na zauna da su na raba tara waɗanda zan iya rantsuwa a kansu. Sauran goma sha tara ina jin muryar a kunnena, amma na koyar da ɗalibai shekara talatin da biyar cewa “ina jin” ba madogara ba ce.

Game da jana'iza, ba za a yi masa salla ba, na san matsayinsa. Za a sa shi a filashi ɗaya, a rubuta ranar rasuwa a jiki, a ajiye shi cikin akwatin ƙarfen nan tare da abin da ya rage na littattafan da suka haife shi.

Zaman makoki kuwa za a fara shi ranar Asabar, biyar ga Oktoba, da ƙarfe tara na safe, a zauren gidana, kuma za a ci gaba kowace Asabar har babuka tara su ƙare ko ni in ƙare. Ina roƙon duk wanda wannan takarda ta isa gare shi a Auyo da Kaugama da Kirikasamma da ƙauyukansu, idan ya tuna wani malami mai babur da rakoda ya taɓa zama da mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko kakarsa, ya zo, ko ya aiko wanda ya fi shi tunawa. Limamai da bulamomi su taimaka da sanarwa. Kada a kawo komai. Zan karanta littafin da babbar murya, sakin layi bayan sakin layi, wanda ya gane maganar nasa ya tsayar da ni. Adila za ta rubuta, da sunan mutum da na mahaifinsa da laƙabin da aka san shi da shi a gida, sunan gari kuma a gurbin gari. Inda mutum biyu suka yi jayayya za a rubuta duka biyun. Inda aka karanta ba wanda ya tsayar da ni, zan mayar da alamar tambaya da hannuna, kuma da ita za a buga littafin.

Za a fara da babi na huɗu. Na aika wa Bintu, ta ce za ta zo idan ruwa ya bar hanya, idan bai bari ba za ta shigo kwalekwale, amma a sallame ta kafin la'asar. Ta kuma ce in gaya wa 'ya'yan Goni su zo su ma, domin kada a ce ta kwashi na ubansu.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka ba ni maganarsu amana, Ya ba ni kwanakin mayar musu da ita.

Abdulganiyyu Haris Zarami
Haɗeja