Albishirin da Ya Jawo wa Unguwarmu Lamba

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da yanar ido ta hana Baba gani, aka ɗora shi bisa jaki daga Waca zuwa gidan likita a Damagaram. Zamanin Nasara ne, ni kuwa ko tallar fura ban isa ba. Tun da suka tafi babu labari. Inna ta ware jan zakaranmu ta ce ba mai taɓa shi sai ranar da Baba ya dawo. (Zakaran nan ya fi ni gata, shi ake fara watsa wa gero kafin a dama mana kunu.)

Na tambayi Inna yadda zan gane Baba daga nesa. Ta ce masu dawowa daga likita kansu a naɗe yake da farin ƙyalle. Shi ke nan, na tare a kan tsamiyar bakin gari, don na rantse ba mai riga ni kai albishir.

Rannan da hantsi sai ga farin kai bisa doki, wani na biye da shi. Ko tambayar kaina inda Baba ya samo doki ban yi ba. Na diro, zane a hannu, ina kwarara ihu: "Inna, albishirinki! Baba ya dawo!"

Inna ta rangaɗa guɗa, maƙwabta suka amsa. Nan take Kawu Ilu, ƙanen Baba, ya sa wa zakara wuƙa. Tsofaffi, masu goyo, yara, duk unguwa ta cika ƙofar gidanmu.

To, ku sani, a lokacin in aka ji mai lamba na tafe, wato ma'aikacin da ke tsaga wa mutane dantse saboda agana, gari watsewa yake. Yara a cusa su rumbu, manya su shige gona. Sai ya yini bai kama kowa ba.

Doki ya karyo kwana. Ashe farar hular Nasara ce, a kan mai lamba, ga gardi, wato dogarin Nasara, a bayansa da bulala. Guɗa ta maƙale. Mutumin ya sauko yana washe baki, ya ce, "Ikon Allah! Tun da nake aikin nan ba a taɓa tarbata haka ba. Bismillah, ku jeru."

Ba wanda ya tsira. Ana tsaga wa Iya Kande maƙwabciyarmu dantse, tana harara ta tana cewa, "Ƴar nan, tsaya nan, goronki na tafe." Ya kuwa zo, dundu ne. Zakara, tunda an riga an yanka, baƙo ya cinye har yana yaba yaji. Wallahi dundun bai yi mini zafi ba kamar ganin Inna ta shige ɗaki tana share ido da bakin zane.

Ban ƙara hawa tsamiya ba. Bayan girbi, ina wanke ƙwarya a ƙofar gida, sai ga Baba a ƙasa, ba doki ba ƙyalle. Na dube shi na ci gaba da wankina.

"Ke, ba ki gane ni ba?"

"Na gane ka, Baba. Amma shiga ka faɗa musu da kanka."

Ya tsuguna ya ƙura mini ido, ya ce, "Yaushe kika yi giɓi?" Sai a nan na gane yana gani. Na fashe da kuka, kukan ne ya fito da Inna.

Tuwo da miyar kuka ya ci ran nan, ko ƙashi babu, yana ta dariyar labarin. Har yau in jikokina suka ruga suna cewa ga wane nan tafe, sai in shafa tabon dantsena in ce, "Ku bari ya cire hula tukuna."