Idon Inna da Bakina

Ba zan taɓa mantawa da aikin idon kakata ba, kuma ko na so in manta, 'yan gidanmu na Hayin Banki sun yi rantsuwar ba za su bar ni ba.

Inna muke ce mata, ita ta haifi Babanmu. Tun ban zo duniya ba take ɗinkin hula, da wani tabarau mai kauri kamar gindin kwalba, domin idonta irin mai ganin nesa ne, na kusa ke ba ta wahala. Sai yanar ido ta zo ta rufe idon, nesan ma ya tafi. Hular da ta fara ta yi watanni a kan faifai, allura na soke a jikinta. Aka ce sai an yi aiki.

Ranar ganin likita Baba yana da lodin Zariya a tashar Kawo, don haka aka haɗa ta da ni. Ni da Inna kuwa ba ma gaisawa sai da tsokana. Ta ce min maigidan da ba ya cefane, in ce mata amarya mai haƙori uku. Wasan jika da kaka ne, kowa ya san shi (haka na ɗauka dai).

Likitar mace ce, fuskarta ba alamar wasa. Ta ce za a cire ƙwayar da ta yi yana a cikin idon, a sa ta roba a gurbinta, kuma da ita za a zauna har ƙarshen rayuwa. Akwai wadda ake saitawa don nesa, akwai ta kusa, akwai mai haɗa biyun amma tana da tsada, wasu kuma kan ce hasken fitila na watse musu da ita. Ta ci gaba da bayani, ni kuma hankalina ya koma kan wani ƙaton idon roba da ke teburinta, wanda ake buɗewa biyu kamar kankana.

"Mama, me kika fi yi da idonki a yini?" in ji likita.

Inna ta sunkuyar da kai. Irin tsofaffin nan ce da suke ganin rashin kunya ne mutum ya faɗi abin da yake so. "Duk yadda kika gani, 'yar nan."

Ɗakin ya yi shiru. Ni kuwa shiru ba ya daɗewa a kusa da ni.

"Likita, ba ta aikin komai," na ce. "Daga safe har magariba tana zaure tana ƙirga masu wucewa. A sa mata wadda za ta hango Rigasa daga Kawo."

"Ja'iri," in ji Inna, ta make ni da gefen mayafi.

Na tsaya jiran dariyar likita. Ba ta yi ba. Ta ce, "To," ta yi rubutu, ta rufe fayil, ta ce a turo na gaba.

A cikin keke Napep muna komawa gida maganar ta fara damuna. Har ƙarshen rayuwa. Na hango Inna tana ganin jirgin ƙasa a Rigasa amma tana laluben tuwon da ke gabanta. Na hango ta tana soka allura a yatsa, mutane na tambayar me ya faru, ana nuna ni da baki.

Ranar da aka koma awon ido ina makaranta, Goggo ƙanwar Baba ce ta raka ta. Ko jaka ban ajiye ba na tambaye ta yadda aka yi.

"An auna, an gama. Ta nesa za a sa."

Da yamman nan wani mai shago ya leƙo tambayar hularsa, na ji Inna na ce masa, "Ka ƙara haƙuri, Malam, da an yi aikin nan zan ƙarasa maka." Ranar na bar rabin shinkafata, abin da ya sa Umma ta taɓa goshina ta ji ko zazzaɓi ne.

Na yi niyyar gaya wa Baba. Na same shi yana wanke mota, na ce, "Baba, dama maganar idon Inna ce." Ya ɗago da soso a hannu, ya ce, "Me ya sami idon?" (Wanda bai san kallon Babana ba, ba zai gane ba.) Na ce, "Allah ya sa a yi a sa'a." Ya ce amin, ya miƙo min bokiti.

Ranar aiki ni da Baba muka kai ta, muka tarar da tsofaffi jere a kan benci, maza gefe mata gefe, kowa da alama a saman idon da za a yi wa aiki, kowa na jan carbi. Nas ta kira sunan Inna, aka sa mata koriyar riga da hular leda, ta koma 'yar ƙarama a ciki. Nas ta kama hannunta suka nufi ƙofa.

Ban san lokacin da na tashi ba. Sai ganina na yi a bakin ƙofar, na ware hannuwa kamar mai tsaron gida a filin ƙwallo.

"Kada a yi! Ƙarya na yi wa likita, wallahi ɗinkin hula take yi!"

Da kuka na faɗa, har da majina, ni da nake aji biyar na sakandare. Carbi ya tsaya a hannun kowa. Wani tsoho ya ce, "Wa ya rasu?" Baba ya miƙe a hankali, irin miƙewar da na sani.

Likita ta fito, ta saurari bayanina da ke fita gutsi-gutsi, ta ce, "Ai a gabanka na faɗa. In an sa ta nesa, da ɗan tabarau na karatu za ta yi ɗinkinta, mara kauri ma. Ina hankalinka yake?" Ban ce mata yana kan kankana ba. "Kuma ka ɗauka da maganar yaro nake zaɓa wa mutum ido? Ranar awo na fitar da kowa, na tambaye ta ita kaɗai."

Inna ta juyo wajen da ta ji muryata. "Maigida, ni na zaɓa. Gilashin ɗinki na saba da shi tun ina da ƙuruciya. Riƙon hannu ne na gaji da shi. So nake in tsallaka titin Kawo da ƙafata, in je Islamiyya ba wanda ya ja ni kamar akuya. Matsa min in wuce."

Na matsa. Baba bai dake ni ba, ya dai ce in je in wanke fuskata, kuma da dukan ya yi da ya fi min sauƙi. Abu ɗaya na riƙe na lallashi kaina da shi: duk mutanen bencin nan ba sa gani sosai, ba wanda zai gane ni.

Washegari muka koma a cire wa Inna bandeji. Ashe duk waɗanda aka yi wa aiki tare, tare suke dawowa. Aka buɗe idon tsohon nan, ya ƙifta, ya yi hamdala, ya waiga ya ce, "Ina yaron jiya mai kuka? A nuna min shi." Inna, da sabon idonta, ta miƙa yatsa daidai inda na ɓuya a bayan Goggo.

Hulunanta dai ta ci gaba da ɗinkawa. Ni kuma na koyi cewa in an ce ka raka tsohuwa asibiti, jaka aka ce ka riƙe. In kuwa abin kunya ya zama dole, ka duba wurin tukuna, kada ka yi shi a gaban mutanen da gobe za a ba su sababbin idanu.