Rasuwar Tsohuwa, Zaren Majigin Salifu Tela

Da zuciya mai cike da baƙin ciki har baki, da kuma sallamawa ga hukuncin Mai kowa Mai komai, Salifu tela na unguwar Komah a Sokode yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, na zango da na cikin gari, rasuwar zaren majiginsa, wanda kowa ya fi sani da Tsohuwa. Ta cika ranar Laraba, goma ga watan Zulƙida, shekarar Nasara ta 1938, bayan sallar magariba, a garin Dapango, tana bakin aiki. Salifu ba ya iya riƙe alƙalami yanzu, don hannunsa na dama yana ɗaure da magani. Shi ya faɗa aka rubuta, inda kuka ya ci ƙarfinsa kuma mai rubutu ya cike da abin da ya sani.

Ba wanda ya san shekarun marigayiya ko garin da aka haife ta. Ta zo Sokode a naɗe cikin gwangwani mai faɗin faifai, a kayan wani Bature mai sayen auduga wanda Salifu yake ɗinka wa wando. Da Baturen zai koma gida kaya suka yi masa yawa, sai ya bar wa tela ita da majigin da ake juyawa da hannu. Ya kuma bar masa gargaɗi guda: muddin fitila tana ci, hannu ba ya tsayawa, in ya tsaya wuta ce. Salifu ya riƙe wannan magana shekara takwas kamar karatun allo.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba, da yake ba ta da ita. Abin da ake ji daga gare ta shi ne kar-kar-kar ɗin tafiyarta, sai kuma tas, duk lokacin da ɗinki ya wuce. Ɗinki kuwa ba a magana, don duk inda ta tsinke Salifu allura yake ɗauka da zaren alharini ya haɗa ta, yana cewa abin da ya iya da wuyan riga ba zai gagare shi a nan ba. Ba labari ɗaya ba ce ita, guntaye ne aka harhaɗa, ba kai ba gindi. Akwai wani ƙaton Bature da agwagwa take kora yana kare kansa da laima, mutanen Komah suka raɗa masa Kumandan Tulu. Akwai wasu mata da suke tafiya a kan farar ƙasa, aka yi shekara biyu ana gardama ko gishiri ne ko gari, har wani ɗan lakwal, wato ɗan makarantar boko, ya ce ƙanƙara ce, aka ce ya yi wa mutane shiru. Akwai kuma wani mai gemu yana cin burodi a kan rufin ɗaki, wanda Salifu ya ɗinka a kife bisa kuskure. Da ya ce zai gyara, mahauta suka ce wallahi in ya taɓa shi ba su ƙara zuwa, ai a kifen ya fi kyau.

Tunda ba ta magana, jama'a ne suka sa mata magana. Kowane guntu yana da abin da ake faɗa masa, kuma kowa ya haddace. In agwagwa ta taso, tsakar gida duka a tare ake cewa, "Kumandan, biya ta lampo ta ƙyale ka!" Lampo kuwa shi ne harajin kai. Baƙon da ya zo bai san amshi ba, shi ne abin kallo na biyu.

Ta ga wulaƙanci ma, ba a ɓoye ba. Shekarar da kamiyo, babbar motar kaya, ya zo daga Lome da sinima mai magana, kowa ya watse ya bar ta, har da waɗanda yau suke kuka sun fi mai ita. Ta yi shekara biyu a ƙarƙashin gado ba mai tambaya. Amma sinimar Lome Faransanci take yi, kuma in mutum ya buɗe baki sai a ce ya yi shiru ana saurare. Bahaushen zango kuwa a ce ya zauna awa biyu bai tofa ba, ai an hukunta shi. Da ɗaya da ɗaya suka dawo shagon tela, suna sosa ƙeya, suna tambayar lafiyar Tsohuwa. Daga nan ba a ƙara fito da ita kullum ba, sai da dalili: ranar suna, ko kashegarin Sallah, ko in fatake sun dawo lafiya. Sai a rataya farin ƙyalle a katanga, a aro batirin kamiyo, a kawo goro.

Amma abin da ya sa Salifu yake ƙaunarta daban ne. A tsakiyarta, tsakanin agwagwa da mai gemu, akwai kasuwar shanu ta Dapango, wadda wani matafiyi ya ɗauka tun da daɗewa. A nan ba a amshi, kowa yakan yi tsit. Shanu suna wucewa, sai wani dogon Bafulatani ya juyo, sanda a kafaɗa, ya dubi mutane ya yi dariya, gwargwadon numfashi uku, sai ya wuce. Belel ne, amini ga Salifu, wanda kullum a gidansa yake sauka in ya koro shanu kudu. Kogin Oti ya ci shi wata damina yana bin ɗan maraƙi, ba a ga ko hularsa ba. Shekara ɗaya bayan haka Salifu ya fara juya majigi, ya ga abokinsa a jikin katanga. Daren nan bai iya cin tuwo ba.

Belel ya bar uwa a Dapango, Inna Dija. Shi ne ɗanta na fari, kuma kowa ya san kunyar Fulani a kan ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce "wancan". Tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi. Da ya girma, in ya zo gaishe ta ita tana duban ƙwarya shi yana duban ƙasa. Ranar da labarin kogi ya zo ma ba a ga hawayenta ba, nono ta ci gaba da kaɗawa. Masu shanu sun sha faɗa a gabanta cewa Belel yana nan a jikin ƙyalle a Sokode, takan yi kamar ba da ita ake ba. Sai bana, da yanar ido ta fara rufe mata gani, ta aiko da saƙo ta bakin wani mai shanu: "A ce wa tela, in wata rana hanya ta biyo da shi arewa, ya taho da kayan nan nasa." Iyakar saƙon ke nan, Salifu kuwa ya gane sauran.

A lokacin Tsohuwa ta riga ta kwanta ciwo. In an buɗe gwangwaninta wani wari yake tashi, gefenta ya fara marmashewa, wasu wurare suna manne da juna kamar alewa. Salifu ya daina ba da ita ko da suna, yana tattalin ɗan abin da ya rage. Ya san tafiyar kwana uku a bayan kamiyo ba ta mara lafiya ba ce. Ya kuma san idon Inna Dija ba zai jira ba. Ya naɗe gwangwanin a cikin babbar rigarsa ta Sallah, ya rungume shi a cinya tun daga Sokode har Mango, daga Mango har Dapango, direba yana ta tsokanarsa ko jinjiri ne.

Aka rataya ƙyalle a tsakar gidan Inna Dija, aka shimfiɗa mata tabarma a gaba. Maƙwabta suka cika gida, wasu a kan katanga. Agwagwa ta kori Kumandan Tulu, mutanen Dapango suka yi dariya ba amshi. Sai ga shanu. Jama'a suka ɗauka gaba ɗaya, "Ga Belel! Wallahi ga Belel!" Da sunan ya shiga kunnenta, Inna Dija ta sunkuyar da kai, yadda ta saba shekara arba'in. Kafin ta ɗago, mai gemu ne a kife yana cin burodinsa.

Salifu ya kashe fitila, ya warware zaren da hannu, ya mai da shi baya, yana jin yadda yake ƙara a yatsunsa. Aka sake. Wannan karon ba wanda ya kira suna, amma duk idon gidan yana kanta, ana jira a ga yadda za ta yi. Ta ja mayafi ta rufe fuska. Wata maƙwabciya mai hankali, Zainabu, ta tashi ta kore mutane kaf, ta ce kallo ya ƙare, ta ja ƙyaure ita ma ta fita. Ya rage daga tela sai tsohuwa.

Inna Dija ta matso da tabarmarta dab da ƙyalle. Ba ta dubi Salifu ba, ta ce, "Ɗana, idona ba ya gudu yanzu. In ya zo, tsayar mini da shi."

Salifu bai manta gargaɗin Bature a kan fitila ba. Amma uwar aboki uwa ce, kuma wannan ne karo na farko da ta taɓa roƙo a kan ɗanta. Ya ce, "To, Inna." Ya kunna, ya juya a hankali. Shanu suka wuce, Belel ya juyo, dariyar ta buɗe, Salifu ya tsai da hannunsa. Kar-kar-kar ta ɗauke. Ya ce bai taɓa jin shiru irin wannan ba.

Inna Dija ta tashi tsaye, ta kai fuskarta kusa. Ta dube shi tun daga hula har haɓa. Ta ce, "Belel." Ta sake cewa, "Belel, ka sha hanya." Sai wani ɗigo ja ya fito a kumatunsa, ya buɗe, ya cinye fuskar, ƙyalle ya koma fari fat. A bayanta zaren ya kama da wata irin ƙara, fuu, wuta ta bi naɗin gaba ɗaya. Salifu ya kai hannu ya fizge shi ya yar a ƙasa, ya zuba ruwan buta, ya zuba ƙasa, wutar ba ta ko kula ba. Kafin Zainabu ta buɗe ƙyaure an gama. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayiya ta rasu ta bar mijinta majigi, wanda gefensa ya babbake amma yana numfashi, sai dai ba shi da abin da zai juya. Ta bar gwangwani da farin ƙyalle, da ragowar zaren alharini rabin ƙwarya. Ta bar mahautan Komah da dillalan goro da amshin da babu inda za su ƙara faɗarsa. Kumandan Tulu da agwagwarsa, da matan gishiri, da mai gemu, duk sun tafi tare da ita. Ta bar Salifu, wanda yanzu in ya rufe ido yana neman fuskar abokinsa, ɗigon nan ja ne yake fara zuwa. Ya ce a rubuta cewa shi ya kashe ta, da saninsa, ba kuskure ba ne. Ya ce a rubuta kuma cewa zuciyarsa ta karye, kuma ko yau aka mai da shi tsakar gidan nan zai sake tsai da hannun.

Za a yi zaman makoki a ƙofar shagon tela a Komah kwana uku, daga Asabar ta mako mai zuwa, bayan la'asar. Mai zuwa ya zo da tabarmarsa. Ana roƙon jama'a kada kowa ya ce da ya sani, kada kuma a kawo shawarar a aika Lome a sayo wata.

Gawa ba za ta zo Sokode ba. Tokar ba ta cika tafin hannu biyu ba, Inna Dija ta tattare ta da kanta a cikin ƙwarya, ta ce kogi ya hana ta kabari, wannan kam ba mai hana ta. Liman ya ce toka ba ta da salla, amma Belel yana da addu'a, kuma za a yi masa. Za a binne ta ranar Juma'a bayan an sauko, a bayan garken gidan, inda Belel yake ɗaure maruƙa a da.

Masu zuwa gaisuwa Dapango su tafi da haƙuri, don Inna Dija ba ta barin baƙo ya tashi da wuri. Duk wanda ya zauna sai ta kira masa sunan ɗanta, ta tambaye shi ko ya san Belel yana da wushirya. Kowa ya sani, amma ana roƙo a bar ta ta faɗa. Ita ba ta taɓa ganin yana dariya ba sai ranar Laraba. Ta ce irin tata ce, lokacin tana da haƙora.